Miƙa jiki da matsin aikin jinya: tambayoyi da amsoshi ga ma'aikatan lafiya a arewacin Kamaru

Tambayoyin da ke ƙasa daga bakin abokan aiki suke fitowa, ma'aikatan jinya da ungozomomi da mataimakansu, tun daga Ngaundere da Garwa har Marwa, Mokolo da Kusseri. Wasu a ɗakin canja kaya ake yin su, wasu a waya bayan an sauka daga kwanan aiki. Na haɗa su wuri ɗaya saboda wanda bai samu damar tambaya ba. Matsayina a kai ba ɓoyayye ba ne: miƙa jiki yana da amfani na gaske ga mai aikin jinya, ba ya cin ko dala, ana iya yin sa a tsakiyar aiki, amma yana da iyaka, kuma inda iyakar ta zo zan faɗa.

Me ya haɗa matsin aiki da ciwon wuya da baya? Ba a zuciya damuwa take ba?

A zuciya take farawa, a jiki take sauka. Ƙarfe biyun dare aka shigo da yaro yana jijjiga, uwarsa na kuka, ke kaɗai ce a ɗakin. Kafin ki taɓa shi ƙwaƙwalwa ta riga ta ba da umarni: wasu 'yan ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda sun saki sinadarin adirenalin a jini, sinadarin kortizol ya biyo baya, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta ya tsaya a saman ƙirji, tsokar ƙeya da kafaɗu da muƙamuƙi ta ɗaure. Shiri ne mai kyau da Allah Ya yi wa jiki, shi ke ba ki hanzari a lokacin da hanzari ke ceton rai. Sai dai na 'yan mintuna ne. Mu kuwa kafin ya lafa an sake kira a gado na gaba, haka har gari ya waye, gobe ma haka.

Sannan ga yadda aikin da kansa ke lanƙwasa mu. Dubi mai neman jijiya a hannun yaron da amai da gudawa suka tsotse, a kan gado mai ƙasa-ƙasa, ko ma a tabarma don gadaje sun cika. An ɗauke wuta, ta danne waya tsakanin haɓa da kafaɗa don fitilar ta haska mata, ƙugu a sunkuye, wuya a karkace, ta riƙe numfashi har sai ta ga jini ya leƙo a kanula, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya. Tsokar da fargaba ta riga ta ɗaure ita ce aka ƙara wa wannan sunkuyon. Daga nan ciwo ya hana barci mai daɗi, rashin barci ya rage haƙuri ya kuma ƙara jin zafin ciwon, a koma aiki jiki da zuciya duk a ɗaure.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane su kasa aiki. Aikin jinya yana cikin sana'o'in da wannan ciwo ya fi addaba a ko'ina.

To miƙa jiki me yake gyarawa a nan?

Idan aka miƙa tsoka a hankali ana fitar da numfashi mai tsawo, ɓangaren jijiyoyin jiki mai kwantar da hankali ne ke karɓar ragama. Bugun zuciya ya ɗan sauka, kafaɗun da suka hau kusa da kunne su dawo mazauninsu. Gaɓar da ta daɗe a zama ɗaya ta motsa, jini ya zaga. Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba: minti biyun nan hankalinka yana kan jikinka, ba kan fayil ko ƙararrawa ba, kuma a aikinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Numfashin shi ne rabin aikin. Wanda ya fizgi wuyansa dama da hagu cikin gaggawa yana riƙe da numfashi bai yi komai ba, wataƙila ma ya ja wa kansa.

Kamar mai ɗauke da tulu ce da ta sauke shi a gindin bishiya ta juya wuya kafin ta ƙarasa gida. Ruwan bai ragu ba, hanyar ma ba ta ragu ba, amma wuyan zai kai ta.

Akwai binciken da ya nuna haka, ko dai maganar baki ce?

Akwai. A 2014 aka wallafa wani bincike daga Taiwan kan ma'aikatan jinya masu ciwon ƙugu. Waɗanda suka riƙa miƙa jiki sau 3 a mako har wata 6 ciwonsu ya ragu fiye da na abokansu da ba su yi ba. A Brazil, inda motsa jiki a wurin aiki ya daɗe da zama al'ada a kamfanoni, wani ƙaramin gwaji a kan ma'aikatan jinya ya nuna waɗanda suka yi makonni suna miƙa jiki sun ce matsin da suke ji ya sauka. Japan kuwa tun 1928 ake watsa motsa jikin safe ta rediyo, har yau akwai ma'aikatun da ke fara aiki da shi.

Amma a riƙe abu biyu. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma a na Taiwan minti 50 ake yi kowane zama, ba minti 5 ba. Saboda haka 'yar miƙar tsakiyar aiki ta rage ɗaurewa ce a lokacin, wanda ke neman sauƙin ciwon da ya daɗe sai ya ware lokaci mai tsawo a gida. Na biyu, bincike da yawa sun nuna miƙa jiki kaɗai ba ya hana tsamin jiki bayan aikin ƙarfi, kuma ba shi ke kare baya daga raunin ɗaukar nauyi ba.

Ni kaɗai ce a ɗaki mai cike da marasa lafiya. Ina zan samu lokacin?

Gaskiyarki, 'yar'uwa, musamman daga Agusta zuwa Oktoba da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara. Ba wanda zai ba ki rabin sa'a. Abin da ake yi shi ne a liƙa miƙar a jikin abin da dama dole ki yi.

Kina wanke hannu sau da yawa a yini: kina tsaye a bakin famfo ko buta, ɗaga dunduniya ki sauke sau 10. Kin sa ma'aunin zafi a hammatar yaro kina jira: sauke kafaɗu, fitar da numfashi mai tsawo sau 3. Kin ɗago daga sa ƙarin ruwa: kafin ki taka zuwa gado na gaba, dafa ƙugu da hannu biyu ki ɗan gantsare baya. Wannan na ƙarshen shi na fi so mutane su riƙe, don duk sunkuyo yana neman kishiyarsa, kuma daƙiƙa 10 ya ishe shi. Lokacin cike rajista kuma, duk shafi ɗaya ki ɗago kai ki ja haɓa baya.

Mai cikakken tsari sai a ajiye shi farkon aiki da bayan an sauka, minti 5 zuwa 10.

Waɗanne motsi ne suka fi dacewa da aikinmu?

A fara da wuya, don can matsin ke taruwa. Zauna ko tsaya a miƙe, saki hannun dama ya rataya, karkatar da kunnen hagu zuwa kafaɗar hagu har ka ji ja a gefen wuyan dama. Kada ka ɗago kafaɗa ta taryi kunne, kuma kada ka danna kai da ƙarfi, nauyin kan ya isa. Riƙe, yi numfashi, sauya gefe. Sai jan haɓa: kana duban gaba, ja haɓa baya kai tsaye ba tare da ka sunkuyar da kai ba, ƙeya za ta miƙe. Wannan ne maganin wuyan da rubutu da duban waya suka turo gaba. Juya kai zagaye da sauri har ya yi ƙara, wanda mutane ke so, a bar shi.

Ƙirji shi aka fi mantawa. Duk aikinmu hannu a gaba yake, allura, wankin ciwo, karɓar haihuwa, sai tsokar gaban ƙirji ta gajarta ta jawo kafaɗu su ranƙwafa, ciwon kuma ya fito tsakanin allunan kafaɗa, mutum ya yi ta matsa baya alhali tushen yana gaba. Tsaya a bakin ƙofa, ɗora damtse a jikin ƙyauren ko bango gwiwar hannu daidai kafaɗa, taka ƙafa ɗaya gaba a hankali har ƙirji ya buɗe. Wanda ya yi wannan karon farko bayan dogon aiki yakan ji numfashinsa ya sauka har ciki.

Ga ƙugu, ban da gantsarewar da na ambata, zauna a kujera ka ɗora idon sawun dama a kan gwiwar hagu, ka ɗan ranƙwafo gaba baya a miƙe. Za ka ji ja a ɗuwawu. A gida kuma kwanta rigingine a tabarma, jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, sannan biyun tare.

Bayan cinya: ɗora dunduniya a kan ɗan benci ko matakala, gwiwa a ɗan sake, ranƙwafo daga kwankwaso, ba daga tsakiyar baya ba. Sha-raɓa: dafa bango, mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, jingina gaba. Masu tsayuwar ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa su ba wannan muhimmanci, don tsokar sha-raɓa ita ke tura jini daga ƙafa ya koma sama, idan ta tsaya cik ƙafa ta kumbura.

Wuyan hannu kuma, ga mai yawan allura da matsa na'urar awon jini: miƙa hannu gaba, tafin yana kallon waje, ja yatsun baya da ɗaya hannun, sannan ka juya su ƙasa.

Tsawon wane lokaci ake riƙewa, kuma sau nawa?

Daƙiƙa 10 zuwa 30 kowane riƙo, a maimaita sau 2 zuwa 4, yadda kowace tsoka za ta samu kusan minti 1. Wanda shekaru suka ja yana iya kaiwa daƙiƙa 60. Aƙalla kwana 2 ko 3 a mako, kullum ya fi. A tsaya inda ake jin ja, kada a kai inda ake jin zafi, kuma ban da girgiza gaɓa ana dannawa. Jiki mai ɗumi ya fi karɓa, saboda haka da sanyin hunturu, musamman a Ngaundere ko tsaunukan Mokolo, a ɗan taka tukuna.

Duk yini ina tafiya tsakanin gadaje. Wannan bai isa motsa jiki ba?

Gajiya ce, kuma gajiya daban, motsa jiki daban. Zirga-zirgar asibiti tsayuwa ta fi yawa a cikinta, da sunkuyo da ɗaga nauyi a karkace, cikin fargaba, babu hutun da jiki zai gina kansa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke, da ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Ga baya, ƙarfafawar tana taimakawa wajen hana ciwo dawowa. Tashi da zama daga kujera ba dafawa sau 10, ko kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu sama, duk ana yi a tsakar ɗaki ba kayan aiki.

Ruku'u da sujada ba su wadatar ba?

Salla ibada ce, kada mu mai da ita atisaye. Amma wanda ya yi alwala ya tsaya ya yi ta da natsuwa ya san jikinsa da zuciyarsa sukan sauka, kuma ruku'un da aka daidaita baya a cikinsa yana taɓa bayan cinya. Abin da bai kai gare shi ba shi ne gefen wuya, gaban ƙirji da sha-raɓa. Tunda an riga an samu fita daga ɗakin marasa lafiya, a ƙara minti 2 bayan sallama da addu'a a miƙa waɗannan. Abokan aikinmu Kirista su ma sukan samu irin wannan ɗan tsaikon lokacin da aka riƙe musu ɗaki, kamar yadda suke riƙe mana.

Ina jin nauyin yin haka a gaban dangin marasa lafiya, ga maza abokan aiki.

Kunya ce mai kyau, ba kuma sai an keta ta ba. Jan haɓa, sauke kafaɗu, ɗaga dunduniya, miƙa yatsu, dogon numfashi, duk ana yin su cikin hijabi da rigar aiki ba wanda zai lura. Masu neman ranƙwafawa ko ɗora ƙafa a bari sai ɗakin hutawa ko ɗakin ajiye magani, ƙofa a rufe. Idan ɗaki zai yi tare, mata gefe maza gefe.

Wasu kuma tsoron maganar mutane suke, kada a ce ga malamar asibiti can tana wasa alhali mara lafiya na kwance. A nan bayani kaɗan ya isa. “Inna, bayana ne ya riƙe, bari in miƙe in zo in duba shi da kyau.” Tsohuwar da ta kwana uku a kan siminti tana jinyar jikanta ta san ciwon baya fiye da kowa, sau da yawa ma sai ta tambaya a koya mata.

Lokacin zafi da azumi fa?

A Garwa da Kusseri, Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Miƙa jiki a hankali ba ya sa gumi, saboda haka ba ya hana mai azumi komai. Abin lura shi ne jiri: kada a sunkuyar da kai ƙasa a ɗago da sauri, a yi na zaune. Ɗaurewar tsokar ƙafa da dare a irin wannan lokaci tana iya zuwa daga gumi da ƙarancin ruwa, sai a raba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon a ɗura shi lokaci ɗaya. Wanda ba ya azumi ya ajiye gorar ruwa inda zai gan ta. Da yawanmu muna rage shan ruwa don gudun zuwa bayan gida a tsakiyar aiki, kuma ƙoda ce ke biyan wannan bashin.

Idan ina miƙa jiki kullum, zan iya ɗaga mara lafiya ni kaɗai ba tare da na ji ciwo ba?

A'a, ɗan'uwa, kuma a nan ne nake so a saurare ni da kyau. Wani bincike na NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, a 2007 ya sa iyakar nauyin da mai jinya zai ɗaga na jikin mara lafiya a kusan kilo 16, shi ma idan komai ya daidaita: mara lafiyan yana ba da haɗin kai, an matso kusa da shi, ba a murɗa baya ba. Baligi ya ninka haka sau da yawa. An sauko da dattijo a sume daga kan babur a ƙofar asibiti, kai kaɗai ka rungume shi zuwa gado, babu miƙar da za ta kare bayanka daga wannan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu a nan muna da abin da asibitocin Turai ba su da shi: dangi a bakin kowane gado. A yi amfani da su, amma kai ne jagora. Shimfiɗa zane mai ƙarfi a ƙarƙashin mara lafiya, mutum biyu kowane gefe, ka nuna musu inda za su kama, ka ce sai na ƙirga uku. Ja a kan zane ya fi ɗagawa sauƙi. Buɗe ƙafafu, lanƙwasa gwiwa, matso da nauyin kusa da jikinka, juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Idan gadon mai hawa da sauka ne, ɗaga shi zuwa ƙugunka kafin ka fara. Idan a tabarma yake, durƙusa gwiwa ɗaya ko ka jawo 'yar kujera, kada ka tsaya ka lanƙwashe.

Ɗamarar baya da ake sayarwa a kasuwa ba a tabbatar tana hana ciwo ba, takan ma sa mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda kuma ya ji rauni a bakin aiki ya sa a rubuta a ranar, musamman mai rajista da CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, don maganar haɗarin aiki da takarda take tafiya.

Ina da juna biyu. In ci gaba?

Ki ci gaba da na wuya, ƙirji, sha-raɓa da wuyan hannu, suna ma taimakawa da kumburin ƙafa. Ciki yana sassauta gaɓoɓi, saboda haka kada ki kai ƙarshen ja. Idan cikin ya wuce wata 4 ki guji daɗewa kwance rigingine. Jini, zubar ruwa, jiri ko ciwon mara, ki tsaya ki ga mai duba ki. Ki kuma gaya wa manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin, da wuri a sauke miki ɗaga marasa lafiya, ba alfarma kike roƙo ba.

Ni diklofenak nake sha in ci gaba da aiki. Wani lokaci har tiramol. Ina laifi?

Mun fi kowa sanin amsar, kusancinmu da kabad ɗin magani ne ke sa mu yi kamar ba mu sani ba. Diklofenak da ibuprofen na 'yan kwanaki ne. Shan su kullum, ciki ba abinci, jiki ba ruwa, cikin zafin bazara, hanya ce ta gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma suna ɗaga hawan jini. Tiramol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarin garuruwanmu, mu ne ke karɓar su suna farfaɗiya. Rigar aiki ba ta hana shi kama mutum. Haka diyazefam da wasu ke sha don barci bayan kwanan aiki. Wanda ya ga ba ya iya fita aiki sai ya sha, ko adadin yana ƙaruwa, ya sami likitan da ya amince da shi ya faɗa masa gaskiya. Kada ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai, don tiramol da diyazefam a hankali ake janye su.

Bayan kwanan aiki jikina a gajiye yake amma barci ya ƙi zuwa.

Jikin bai samu labarin cewa aiki ya ƙare ba. Ga rana ta fito, ga hayaniyar gida, ga shayi mai kauri ko goro ko Nescafé da aka sha da asuba, wanda rabin ƙarfinsa yana nan a jini bayan kusan sa'a 5. A tsayar da su tun tsakiyar dare. Idan an iso gida a watsa ruwa, a kwanta a tabarma a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, sannan a ɗora ƙafafu a jikin bango minti 5, ana shaƙa a ƙirga 4 ana fitarwa a ƙirga 6. A rufe taga da zane mai duhu, waya a nesa.

Sauran maganar ta mutanen gida ce. Matar da ta kwana tsaye a ɗakin haihuwa ta dawo ta tarar da wanki da girki suna jiran ta, ba miƙa ce matsalarta ba. Maigida da yara da sauran 'yan gida su san barcin safiyar nan shi ne darenta.

Yaushe ciwon ya wuce na miƙa jiki?

Idan ciwon baya ya sauka ƙafa har ƙasan gwiwa tare da mutuwar ƙafa ko rashin ƙarfi, a ga likita. Idan fitsari ya ƙi fita ko ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan na gaggawa ne, a ranar. Ciwon da ke tashin mutum da dare, da zazzaɓi, gumin dare ko rama, a tuna da tarin fuka na ƙashin baya, don mu muna cuɗanya da masu tarin fuka kullum. Sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi kada a miƙa ta, kada a matsa, tana iya zama gudan jini. Ciwon ƙirji ko na hannun hagu da ke zuwa da haki ba na tsoka ba ne sai an tabbatar. Mai sikila ya san ciwonsa, kada ya ɗauke shi gajiyar aiki. Ciwon da ya haura mako 6 bai sauka ba shi ma a kai shi, a nemi mai gashin ƙashi na asibiti inda akwai.

Ni ba jikina ne kawai ba. Na daina jin tausayin marasa lafiya, kukansu ma haushi yake ba ni.

Wanda ya iya faɗin wannan bai rasa tausayi ba, ƙarfinsa ne ya ƙare. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11, a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamu 3: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci ko ƙyamarsa, da jin ba ka iya komai. Waɗanda suka yi aiki a lokacin kwalara, ko suka karɓi masu raunin hare-hare a yankin Mora da Kolofata, ko suka duba 'yan gudun hijira a sansanin Minawao, sun ga abin da ba ya gogewa da wanka da barci.

Miƙa jiki da numfashi za su ɗan sassauta maka a yinin, amma wannan yana neman hutu na gaske, da mutumin da za ka buɗe wa ciki, abokin aiki da ya girme ka, malami ko fasto, ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka nemi hutunka na shekara, ka nemi a canja maka ɗaki na wani lokaci. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2 ba ya ɗagawa, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, kada ka kwana da shi, ka gaya wa wani yau.

Wannan ba dabara ba ce ta a ɗora mana laifi, a ce mu miƙa jiki maimakon a ƙaro ma'aikata?

Zai iya zama haka idan muka bari, kuma tambayar tana kan hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe irin namu. A 2023 Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashe 55 da hukumar ta lissafa masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. A cikin ƙasar ma arewa ta fi jin jiki, don da yawa da aka turo sukan nemi komawa kudu. Tushen matsin ke nan: mutum ɗaya yana aikin mutum uku, kwanan aiki a jere, kayan aiki ba su isa ba, wasu ma suna aiki shekara da shekaru ba a ɗauke su dindindin ba. Duk shugaban da ya kawo motsa jiki ya yi shiru a kan waɗannan bai yi adalci ba.

Sai dai bayanka naka ne, kuma ba zai jira ranar da za a ƙaro ma'aikata ba. A yi biyun tare.

Ta yaya za mu fara a ɗakinmu?

Ku sami manjo ku biyu ko uku, ba a tsakiyar zagayen likita ba. Ku nemi abu ƙarami: minti 5 a lokacin karɓar aikin safe, masu sauka da masu hawa tare, mutum ɗaya ya tsaya a ɗaki ana juyawa. Motsi 4 sun isa, wuya, ƙirji, ƙugu, sha-raɓa, kowane mako wani ya ja gaba, har da mataimaka da masu shara da masu tura gado, don su ne suka fi kowa ɗaukar nauyi. Ku ajiye ɗan littafi a rubuta wanda ya kasa zuwa aiki saboda baya ko wuya, da ranar, da abin da ya jawo. Bayan wata 3 ku kai littafin taron ma'aikata, ku ɗora buƙatunku a kansa: kujeru biyu marasa tsawo don sa ƙarin ruwa, zannuwa masu ƙarfi na jan mara lafiya, gyaran tayar gadon turawa, fitilar goshi mai caji ga masu aikin dare, da jadawalin da ba ya jera wa mutum ɗaya kwanan aiki ba hutu a tsakani.